Gonar gado da hannun dangi: cinikin ƙasa a ƙauyukan Sin na dauri

Tun daga shekarun 1950 ake tattara tsofaffin takardu daga gidajen manoma da 'yan kasuwa a yankin Huizhou, kudancin lardin Anhui na ƙasar Sin. Yawansu ya kai dubu ɗaruruwa, akasarinsu na zamanin daular Ming da ta Qing, dauloli biyu na ƙarshe da suka mulki Sin, kuma kaso mai tsoka a ciki na cinikin gona ne. Tsarinsu kusan ɗaya. Mai sayarwa zai faɗi sunansa, ya faɗi yadda gonar ta zo hannunsa, galibi gado daga uba. Sai a rubuta girmanta, da harajin da ke kanta, da iyakarta gabas da yamma, kudu da arewa. Sai dalilin sayarwa, wanda yawanci gajere ne mai ban tausayi: babu na kashewa, ko haraji ya taso, ko an yi rasuwa a gida. Sai farashi, da shaidar cewa an karɓi kuɗin cif a ranar. Daga nan sai wani layi da ba a cika rasa shi ba: idan wani ɗan'uwa, na kusa ko na nesa, ya taso da magana a kan wannan gona, mai sayarwa ne zai ji da shi, babu ruwan mai saye. A yankuna irin su Fujian da Taiwan har akan ƙara da cewa an riga an yi wa baffanni da 'yan'uwa tayi, ba a samu mai so ba. A ƙasa sai sa hannun mai sayarwa, da na dillalin da ya haɗa cinikin, da na shaidu, waɗanda sau da yawa ƙannensa ne ko baffanninsa. In uban gida ya rasu, uwa ma takan sa alamarta, don a san da yardarta aka yi.

Ƙasar Sin ta dauri tana da kasuwar gona ta gaske. Tun zamanin daular Song, wadda aka kafa a 960, manomi na iya sayar da gonarsa, ya jinginar, ya ba da haya, ba sai ya nemi izinin wani basarake ba. Hukuma dai harajinta take so. A zamanin Qing, wanda ya kai takardarsa ofishin gunduma ya biya kashi 3 cikin ɗari na farashin, sai a buga masa jan hatimi. Da yawa ba sa ma zuwa, su bar takardar fara, shaidar dillali da ta dangi ta ishe su. Sinawa da kansu suna da karin maganar cewa gona ɗaya a shekara dubu takan ga iyayengiji ɗari takwas. To amma duk wannan kai-komo, mutum ba ya sayar da gona shi kaɗai. Matattu na da haƙƙi a cikinta, waɗanda ba a haifa ba suna da shi, ga kuma 'yan'uwa da idonsu ke kan kowace kunya.

A wurinsu dukiya ta gida ce. Uba ne mai faɗa a ji, amma ikonsa na mai riƙo ne: ya karɓa daga ubansa, zai miƙa wa 'ya'yansa maza, su kuma su ci gaba da ajiye wa kakanni abinci da turare, su share kaburbura a bikin Qingming a farkon watan Afrilu. Kaburburan nan sau da yawa a cikin gonar suke ko a gefenta, shi ya sa akan sayar da gona a cire wurin kabari daga cinikin, a bar wa masu shi hanyar shiga. Wanda ya saya ya ƙara wa gidansu, ɗa nagari ne. Wanda ya sayar da ta gado kuwa, ko da yunwa ce ta sa shi, sunan ɗan da ya kashe gida zai bi shi har kabari.

Asalin matsin yana cikin rabon gado. 'Yan'uwa maza da matansu sukan zauna gida ɗaya, tukunya ɗaya, aljihu ɗaya, har ranar da zaman ya gagara, ko iyaye na raye ko bayan sun rasu. Ranar rabo akan kira dattawan dangi, a kira kawu, wato ɗan'uwan uwa, domin shi ba shi da rabo a gonar, ba a zarginsa da son kai. A lissafa komai: gonaki, ɗakuna, sa ko ɓaunan huɗa, garma, tukwane, har da bashin da ake bin gidan. A ware gonar tsufa da za ta ciyar da iyaye ta kuma biya kuɗin jana'izarsu. A ware abin auren ƙannen da ba su yi aure ba, maza da mata. A wurare da dama akan ɗan ƙara wa babban ɗa ko babban jika wani abu, saboda nauyin hidimar kakanni da ke kansa. Sauran a raba daidai wa daida tsakanin 'ya'ya maza, kuma dokar Ming da ta Qing duk sun ce babu bambanci tsakanin ɗan uwargida da ɗan ƙwarƙwara. Da yake gona ta fi gona, ba a ba wani ta bakin ruwa a ba wani ta tudu. Kowace akan tsaga ta, kowa ya samu tsiri a mai kyau, ya samu tsiri a maras kyau. Sai a rubuta kason kowa a 'yar takarda, a dunƙule, a zuba a kwano, a ɗauki ƙuri'a a gaban allunan da ke ɗauke da sunayen kakanni don kada wani ya ce an zaɓa masa. Kowa ya karɓi kwafin takardar rabo. Daga ranar kowane gida ya kafa murhunsa, kuma wannan murhu shi ne alamar cewa an rabu.

Adalci ne tsakanin 'yan'uwa, ba shakka, wanda Ingila ba ta yi ba, inda babban ɗan masu ƙasa ke kwashe gonar gaba ɗaya. Amma lissafinsa ba ya da tausayi. Mai hekta 6 da 'ya'ya maza uku, kowannensu zai tashi da 2. In su ma kowanne ya haifi uku, jikoki ba za su samu ko hekta ɗaya ba, kuma ita ma a warwatse, tsiri nan tsiri can. Ga yawan jama'a da ya tashi daga wajen miliyan 150 a 1700 zuwa sama da miliyan 400 a 1850. Shi ya sa suke cewa arziki ba ya wuce jikoki. Kowane gida, komai rufin asirinsa, fari ɗaya ko jana'iza ɗaya ko aure ɗaya ya isa ya kai shi ƙofar dillali.

'Ya mace ba ta cikin wannan lissafi. Abin da take samu kayan ɗaki ne da 'yan kuɗi ko gwal, in gidan na da hali. Karin maganarsu ta ce 'yar da aka aurar ruwa ce da aka zubar. Dalilin da suke bayarwa shi ne za ta haifa wa wani gida, 'ya'yanta sunan wasu za su ɗauka, kakannin wasu za su yi wa hidima, don haka ba ta gona daidai yake da fitar da gonar daga dangi. Mutumin da bai haifi namiji ba, sai a ba shi ɗan ɗan'uwansa ya zama magajinsa, ana bin kusanci, kuma doka ta hana a naɗa magaji mai sunan dangi na daban. Talakan da ba shi da yadda zai yi yakan ɗauko suruki ya zauna a gidansa, da sharaɗin ɗa ɗaya aƙalla ya ɗauki sunan gidan uwa, amma ana raina irin wannan aure. Matar mamaci tana riƙe gonar ne kawai kafin magaji ya girma. In ba ta da ɗa, a nan ne ake ganin munin abin: 'yan'uwan miji su yi ta rububin cusa nasu ɗan, ko su matsa mata ta sake aure ta bar musu fili. Har suna gare shi a bakin mutane, cin gidan da ya ƙare. Dokar farar hula ta 1930, ta zamanin jamhuriyar da ta gaji daular Qing, ta ba 'ya mace rabo daidai da na namiji, amma a ƙauyuka ta tsaya a takarda. Duk abin da za a faɗa na alherin wannan tsari, ya kamata a riƙa tunawa cewa mata ne suka biya farashinsa.

Idan sayarwa ta zama dole, shinge na farko shi ne tayin dangi. Kundin dokar Song na 963 ya jera abin dalla-dalla: mai son sayarwa ko jinginarwa ya fara tambayar 'yan'uwansa na jini, in sun ƙi ya tambayi maƙwabtan gonar na kusurwa huɗu, in su ma sun ƙi sannan bare ya shigo. Akwai hikima a ciki. Gonakin 'yan'uwa asalinsu gona ɗaya ce da aka tsaga, magudanar ruwansu ɗaya, hanyarsu ɗaya, kabarin kakansu a tsakiya. Bare ya shiga tsakani, rigimar ruwa ba za ta ƙare ba. Sai dai dangi rigar ƙaya ne. Ɗan'uwan da ya san kana cikin matsi, ya kuma san ba ka da ikon tsallake shi, zai iya jan ƙafa har ka sallama masa a araha. Abin ya yi yawa har dokar da aka yi a 1730, zamanin sarki Yongzheng, ta tanadi hukunci ga mai fakewa da haƙƙin dangi don ya karya farashi. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. Binciken al'adu da hukumomin shari'a suka yi a farkon ƙarni na 20 ya same ta daram a larduna da yawa.

Shinge na biyu, wanda ya fi kowanne ƙarfi, shi ne jingina, abin da suke kira dian. Bahaushe ba baƙo ba ne ga jinginar gona: ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya noma gonarka, amfanin da ya ci shi ne ribarsa, ranar da ka dawo da kuɗinsa ka karɓi abinka. A ƙasar Sin kuɗin jingina yakan kai wajen kashi 70 cikin ɗari na farashin gonar, wani wuri ƙasa da haka, wani wuri sama. Akan sa wa'adin wasu shekaru da ba za a fansa ba, don mai kuɗi ya ci moriya. Bayan wa'adin kuwa, a al'adar wurare da yawa, ƙofar fansa ba ta rufuwa. Ɗa na iya fansar abin da ubansa ya jinginar, jika ma haka, kuma da kuɗin da aka karɓa tun farko, ba tare da ƙari ba. Akwai ƙa'idar lokaci: ba a fansa sai bayan girbi kafin shuka, don kada a ƙwace wa mutum amfanin da ya sha wahalarsa. Wanda aka jinginar wa shi ma yana iya jinginar wa wani, har gona ɗaya ta bi hannu uku ko huɗu alhali mai ita na asali bai saki igiyarta ba. Sinawa sun raba ciniki gida biyu, rayayye da matacce. Rayayye shi ne wanda ake iya fansa, kuma shi manomi ke fara nema, domin wanda ya jinginar bai sayar da gadon gidansu ba, yana iya ɗaga kai a gaban kakanni.

Daga nan ne wata al'ada ta fito, ta neman ciko. Tunda kuɗin jingina bai kai farashi ba, kuma farashin gona na ta hawa a ƙarni na 18, mai gona na iya komawa ya ce a ƙara masa. A ƙarshen shekara, lokacin da ake biyan basussuka kafin sabuwar shekara, sai ga shi a ƙofar wanda ke riƙe da gonar, shi da dillalin da ya haɗa su, yana faɗin halin da gida ke ciki. A yi ta ja, a tsayar da wani abu, a rubuta sabuwar takarda a ce daga wannan babu sauran magana. Bayan shekara biyar ya rasu, sai matarsa ta zo da marayu, jana'iza ta taso. A sake rubuta wata takardar. Ko bayan an yi matacce, wasu sukan dawo. A yankin Shanghai har akwai takardar da ake kira ta ajiyar zuciya, kuɗin da mai saye ke bayarwa don tsohon mai gona ya huce takaicin rabuwa da ita. Mai saye yana biya ne saboda kunya, saboda gobe za su haɗu a wurin biki ko makoki, kuma saboda dattawan gari suna ganin bai dace mai hali ya ci gonar uban mutum sannan ya kore shi ba. Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Kundin shari'o'in kisan kai na zamanin Qing cike yake da faɗan da ya samo asali daga fansa da ciko, inda cacar baki a bakin gona ta kai ga fartanya.

Hukuma ta yi ƙoƙarin sa iyaka. Dokar 1730 ta ce in takarda ta fito fili ta ce matacce ne, babu fansa babu ciko. In ba ta faɗa ba, ana iya fansa, wanda kuma ya kasa fansa a ba shi ciko sau ɗaya tak a rufe magana. A 1753, zamanin sarki Qianlong, aka ƙara da cewa tsofaffin takardun da suka wuce shekara 30 ba su ambaci fansa ba, a ɗauke su matattu. Dokar farar hula ta zamanin jamhuriya ita ma ta tsayar da wa'adin jingina a shekara 30. Ƙauye ya ji, ya ci gaba da abinsa.

Me ya sa al'adar da ta fi amfanar talaka ta yi wannan ƙarko, alhali masu kuɗi ne ke sayen gona? Taisu Zhang, masanin tarihin shari'a a jami'ar Yale, ya ba da amsar da ta cancanci a tsaya a kanta. A cewarsa, girma a cikin dangin Sinawa na shekaru ne da matakin haihuwa. Baffa talaka yana gaba da ɗan ɗan'uwansa mai kuɗi, shi ke zama a sama a wurin taro, shi ake saurara in an zo sasanci. Saboda haka talakawa suna da yawa a cikin dattawan da ke yanke al'ada, kuma sun tsare haƙƙin fansa domin su ne masu buƙatarsa. A Ingila kuwa, inda dukiya ke ba da girma, wanda ya kasa biya a kan lokaci gonarsa ta tafi, ƙananan manoma suka yi ta raguwa, manyan gonaki suka kafu. A ganina akwai gaskiya mai yawa a nan, ko da yake ba ita kaɗai ta hana manyan gonaki kafuwa a Sin ba. Yawan jama'a da yanayin noman shinkafa su ma suna da hannu. Kuma tsarin na da nasa hasarar: wanda ya san gobe za a iya karɓe gona da tsohon farashi, ba zai zuba mata taki da aiki kamar tasa ba. Amma ga gidan da fari ya kayar, damar dawowa ta fi komai.

Akwai kuma gonar da aka cire ta daga kasuwa ɗungurungum. A wajen 1050, babban jami'in daular Song, Fan Zhongyan, ya sayi gonaki masu yawa a yankin Suzhou ya mayar da su na zuri'arsu baki ɗaya. Daga kuɗin hayarsu ake ba kowane ɗan dangi mudun shinkafarsa na kullum, da tufafin hunturu, da gudummawar aure da ta jana'iza. Wannan gidauniya ta rayu kusan shekara 900, kuma ta zama abin koyi. A kudu maso gabas, Guangdong da Fujian, inda ƙauye guda kan zama na suna ɗaya kacal, abin ya yi nisa: binciken da masanin tattalin arziki Chen Hansheng ya jagoranta a shekarun 1930 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakin Guangdong na zuri'a ne. Da kuɗinsu ake gyara zauren kakanni, a ɗauki malamin da zai shirya yara wa jarrabawar shiga aikin sarki, a gina madatsar ruwa, a biya kuɗin shari'a, a sayi makamai in rikici ya tashi da wata zuri'a. Bayan hidimar kakanni akan raba naman alade, kowane namiji da kasonsa, kuma karɓar wannan nama shi ne shaidar cewa kana cikin dangi. Sayar da irin wannan gona sai dukkan rassan zuri'a sun yarda, abin da ke da wuyar samu. A arewacin ƙasar kuwa, inda ake noman alkama da gero, abin da dangi ke da shi na tarayya bai cika wuce filin maƙabarta ba da 'yar gonar da ke biyan walimar Qingming.

Kada a ɗauka gonar zuri'a ta daidaita kowa. Attajiri na iya ware gona da sunan ubansa ko nasa, amfaninta ya tsaya ga 'ya'yansa da jikokinsa kaɗai, sai ka ga reshe ɗaya na da gidauniya biyar, wani reshen ba shi da ko ɗaya. Masu ilimi da masu kuɗi ne ke riƙe da littafin lissafi. Binciken da masaniyar al'adu Rubie Watson ta yi a ƙauyen Ha Tsuen na Hong Kong a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna yadda 'yan tsirarun gidaje masu ƙasa da kasuwanci suka daɗe suna juya zuri'ar Teng, alhali ana ta maimaita cewa duk 'yan'uwan juna ne. Waɗanda ba 'yan zuri'ar ba kuwa, masu haya a ƙananan ƙauyukan kewaye, su ne a ƙasan kowa.

Inda aka fi ganin iyakar ƙarfin zumunci shi ne ƙauyen Kaixiangong, kusa da tafkin Tai a lardin Jiangsu, wanda masanin zamantakewa Fei Xiaotong ya zauna a cikinsa a 1936 ya rubuta bayaninsa, aka buga a Landan a 1939. Gidaje ne kimanin 360, mutane ƙasa kaɗan da 1,500, ƙasarsu duka wajen hekta 200. Kimanin gida tara cikin goma ba su mallaki kashi biyu cikin uku na hekta ba. Shinkafa ba ta isa ta riƙe gida, sai da kiwon tsutsar siliki da kaɗin zarensa, aikin da mata ke yi. Mutanen garin sun riƙe gona da daraja. Sun gaya masa cewa ɓarawo ba ya ɗaukarta, mutum ya mutu ita tana nan. Baƙin da suka zauna a garin, masu aski da sauran sana'o'in hannu, ba su da gona. Ta fuskar hana bare shigowa, shingen ya yi aiki.

Ta ƙasa aka ɓullo masa. A wannan yanki gona hawa biyu ce: akwai mai saman ƙasa, wanda ke da haƙƙin noma na dindindin, yana iya gadar da shi ko ya sayar, akwai kuma mai ƙarƙashin ƙasa, wanda ke biyan haraji yana karɓar haya, amma ba shi da ikon korar manomi muddin yana biya. Da silikin masana'antun Japan ya cika kasuwa, sannan tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin zaren ƙauye ya faɗi warwas. Aure da jana'iza ba su jira ba. Dangi duk halinsu ɗaya, babu mai iya ranta wa wani abin kirki. Sai manomi ya nufi masu ba da bashi da ruwa a birni, bashi ya ninka, ƙarshe ya miƙa ƙarƙashin gonarsa. Yana nan yana noma inda ubansa ya noma, kabarin kakansa na nan, ba wanda zai ce ya sayar da gado, amma kaso mai yawa na shinkafarsa kwale-kwale ke kwashewa zuwa birni duk shekara. Lokacin da Fei ya je, kusan kashi biyu cikin uku na ƙarƙashin gonakin garin na hannun mutanen da ba su zaune a cikinsa, wasunsu ba su taɓa ganin gonar ba. Talaucin ya shiga har cikin aure: gidaje suka ƙara komawa ga ɗauko yarinya ƙarama su rene ta don ta zama matar ɗansu, saboda gudun kuɗin biki. Yayar Fei, Fei Dasheng, ta taimaka an kafa masana'antar siliki ta haɗin gwiwa a garin a 1929 don a dawo da kuɗin shiga, kuma shi kansa ya tsaya a kan cewa matsalar gona ba za ta warware ba sai an farfaɗo da sana'ar ƙauye.

Juyin juya halin kwaminisanci na 1949 ya share duk wannan a takarda cikin 'yan shekaru. Dokar rabon ƙasa ta 1950 ta ƙwace gonakin masu ƙasa da na zaurukan kakanni, aka raba wajen hekta miliyan 47 ga manoma kimanin miliyan 300, an kuma kashe masu ƙasa da yawa, mafi ƙarancin ƙiyasi ma dubu ɗaruruwa ne. A wannan rabo an ƙirga mata. Kafin shekarun 1950 su ƙare an haɗe gonakin duka a gandun haɗin gwiwa da gwamnati ta kafa, yunwar 1959 zuwa 1961 ta biyo baya ta ci miliyoyin rayuka. Amma ƙungiyoyin aikin da aka kafa, sau da yawa unguwa ɗaya ce ko reshen dangi ɗaya aka sauya wa suna. A ƙarshen 1978, da manoma 18 na ƙauyen Xiaogang a Anhui suka dangwala yatsa a asirce suka raba gonar gandu gida-gida, akasarinsu sunan dangi ɗaya gare su, Yan, kuma alkawarin da suka ɗauka na 'yan'uwa ne: in an kama shugabanninsu, sauran za su rene musu 'ya'ya har su kai shekara 18.

Yau ƙasar noma mallakar ƙauye ce a dunƙule. Gida na da kwangilar noma, wadda aka sa wa shekara 15 a 1984, aka mayar 30 a 1993, aka kuma yi alkawarin ƙarin wasu 30 a 2017. Ba a sayarwa, amma ana ba da haya. Manoma kusan miliyan 300 na aikin ƙwadago a wajen gona, da yawansu a birane masu nisa, kuma mutum yakan gwammace ya bar wa wansa ko baffansa gonar da baki kawai, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ko ma kyauta, da ya ba kamfani a kan kuɗi mai kyau na shekaru masu yawa. Dalilinsa shi ne in aiki ya ƙare a birni, ɗan'uwa zai mayar masa ba tare da shari'a ba.

Matsalar mata ma ta dawo da sabuwar riga. Tun daga gwajin da aka fara a gundumar Meitan ta lardin Guizhou a 1987, manufar ita ce ba a ƙara wa gida gona don ya ƙaru, ba a rage masa don ya ragu. An yi haka ne don manomi ya samu natsuwa ya kula da gonarsa. Amma amarya takan bar garinsu ta koma na miji, inda ba a sake rabo ba, kasonta na gida kuma ɗan'uwanta ke nomawa. In aure ya mutu, sai ta tashi babu nan babu can. Dokar kwangilar ƙasa ta 2002 ta hana a karɓe kason mace a garinsu muddin ba ta samu wani a garin miji ba. Rigimar ta fi zafi a ƙauyukan gefen birni, inda gwamnati ke karɓar fili ta biya diyya mai tsoka: taron ƙauye, wanda magidanta maza suka fi yawa a ciki, yakan kaɗa ƙuri'a ya ce 'yar da ta yi aure a waje ba 'yar gari ba ce, kotuna kuma sun daɗe suna ƙin karɓar irin waɗannan ƙararraki da hujjar cewa harkar cikin gida ce ta ƙauye. A watan Yunin 2024 majalisar ƙasar ta zartar da dokar ƙungiyoyin tattalin arzikin ƙauye, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2025. Ta hana a tauye wa mace haƙƙinta saboda aure, ko mutuwar aure, ko rasuwar miji, ko don gidansu babu namiji, ta kuma ba wanda aka cire daga rajistar 'yan gari damar kai ƙara kotu.